Shayin Kan Katanga

Blaenderi, Kudancin Wales
9 ga Oktoba, 1995

Zuwa ga Baffa Idwal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyalinka. Na san za ka leƙa sunan da ke ƙasa ka ce wace ce kuma wannan. Ni ce Nerys, 'yar yayanka Emrys. An ce rabonka da ni tun ina shekara shida, ranar jana'izar Kaka. Yanzu ina koyarwa a firamaren garin nan. Adireshinka kuwa a bayan wani tsohon katin Kirsimeti na tsince shi, cikin akwatin marigayiya Mama.

Mu nan lafiya, sai Baba da ƙirjinsa ya matsa masa. Ƙurar kwal ta shekara talatin ce take biyansa. Likita ya hana shi shiga sanyi, amma ya yi kunnen uwar shegu. Ko yaushe aka tashi wasa sai ya ɗauki shayinsa ya fita waje.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kulob ɗinmu na zari-ruga zai cika shekara ɗari a watan Maris, kwamiti ya ɗora mini haɗa ɗan littafin tarihi, don ni kaɗai na iya keken rubutu. Ina cikin tonon hotuna sai na ci karo da na 'yan wasan 1961. Fuska goma sha huɗu na ƙirga, ta sha biyar an manne mata takarda. Ni kuma Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙƙwafi. Na kara hoton a tururin buta har takardar ta saki, sai ga fuskar Baba tana kallona, da gashi cike da kai. Alhali ga Baban can a layin baya.

Na kai wa tsoho Selwyn, shugaban kulob. Ya duba, ya sauke murya ya ce, "Wannan ai ya tafi arewa." Yadda ya faɗe ta, ka rantse mutuwa ka yi.

Na san 'yan arewacin Ingila wasan mutum sha uku suke yi, a biya su, mu kuma namu na sha biyar ne, ba a biya. Na san duk wanda ya koma can an kore shi daga namu har abada. Amma tun watan Agusta manyan namu sun ce kowa ya karɓi kuɗinsa a fili, dokar korar kuma tana kan hanyar faɗuwa. To me ya kai ka? Wane irin wasa ne wannan da ya isa a rufe wa mutum fuska saboda shi? Don Allah ka ba ni labari.

'Yarka,
Nerys Prosser

Calderby, Yorkshire
2 ga Nuwamba, 1995

'Yata Nerys,

Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Muna lafiya, sai gwiwata ta hagu da ke sanar da ni ruwan sama tun kafin rediyo ya sani. Matata Doreen tana gaishe ki. Ita ce mai aika katunan nan, ban taɓa sanin ana ajiye su ba.

Kin ba ni dariya da butarki. Shekara talatin da uku ina ƙarƙashin takarda, ashe shi ya sa nake jin zafi.

Kin tambayi wasan. Abu ɗaya ne da naku, sai dai mu mun zubar da mutum biyu da ba sa aikin komai, muka daina tsayawa turereniya kowane minti ɗaya. Idan an kayar da kai, ka tashi ka tura ƙwallo baya da ƙafa, a ci gaba. An kayar da ku sau shida, ku ba abokan karawa ƙwallo. A naku mutum zai biya kuɗin ƙofa ya zo kallon ƙattai goma sha shida sun haɗa kai suna nishi, ƙwallo kuwa babu wanda ya san inda take. Ki gaya wa Selwyn ni na faɗa.

Asalin rabuwar ma ba wani abu ba ne. Ma'aikacin ramin kwal idan ya bar aikin Asabar ya je wasa, an yanke masa ladan yinin. Kulob-kulob na nan suka ce a mayar masa da abin da ya rasa, manya na kudu masu farin hannu suka ce haram. Shi ke nan, shekara ɗari ana gaba.

Ni kuwa abin da ya kai ni, gida ne. Kakanki ya rasu a 1962, gidan da muke ciki na masu ramin kwal ne, suka ba Kakarki wata uku ta tashi. Wani dillalin 'yan wasa daga nan ya daɗe yana bibiyata. Ba ya iya shigowa gari da motarsa, don an taɓa jefa wani abokin sana'arsa a kogi, sai ya ajiye ta bayan coci. Ya zube fam dubu biyu a teburin kicin. Da su aka sayi gidan da kika girma a ciki. Na sa hannu ranar Laraba, kafin Asabar an kankare sunana daga allon kulob.

Amma tunda ke mai bincike ce, tambayi Selwyn me muke tararwa a cikin takalmanmu bayan wasa, a can inda ba a biya. Ni dai kowace Asabar fam biyu nake samu a naɗe a ƙafar dama, kuma ban taɓa jin an ce takalmi yana haihuwa ba.

Nan garin wasan shi ne komai. An rufe masaƙa, an rufe rami, filin wasa kaɗai ya rage. Ranar da muke gida mutum dubu takwas ke shigowa, mai soya kifi da dankali ya yi cinikin mako a yini ɗaya. Naku fa, mutum nawa ke zuwa yanzu?

Ba ki ce ko Emrys ya san kin rubuto ba.

Baffanki,
Idwal

Blaenderi
6 ga Disamba, 1995

Baffa Idwal,

Gaisuwa gare ka da Gwaggo Doreen, Allah ya sawwaƙe ciwon gwiwa. Baba yana nan jiya-i-yau, an ƙara masa maganin shaƙa.

Na isar da saƙonka. Selwyn ya ce in gaya maka wasanku gudu ne a yi karo da bango, a tashi a sake, har sau shida, kuma duk duniya garuruwa nawa ne suka san da shi? Ya ce namu ana yin sa daga Faransa har Ajantina, idan ƙasarmu tana wasa ko limamin coci gajarta wa'azi yake yi. Da na kawo maganar takalmi sai tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kuɗin mota ne, yarinya." Na ce ai kowa da ƙafa yake zuwa fili, gidajen ga su nan. Ya ce in je in ji da littafina.

Na kalli wasanku a talabijin ranar Asabar, labule a rufe kamar mai aikata laifi. Gaskiya yana da sauri. Amma har yanzu ban gane abin da ya sa ake miƙa wa abokin gaba ƙwallo salin-alin ba. Kuma da gaske ne mai gidan talabijin ya saye ku, zai mayar da wasan lokacin zafi, har ana cewa a haɗe ƙananan kulob wuri ɗaya? Me mai soya kifinku zai ci da hunturu?

Ka tambayi mutum nawa ke zuwa namu. Ɗari uku idan rana ta fito. Tun da aka ce a biya, manyan kulob na birni sun ɗauke mana yara uku. Jiya a taron kwamiti an yi awa biyu ana neman inda za a samo abin riƙe sauran. Ina zaune ina rubutu ina mamaki. Mutanen da suka rufe maka fuska don ka karɓi kuɗi, su ne ke kukan ba su da kuɗin da za su bayar.

Baba ya san na rubuto. Na ajiye masa takardarka kusa da farantinsa. Ya karanta, ya ninke, ya ce, "Har yanzu bakinsa bai mutu ba." Daga nan ya ci gaba da cin abincinsa. Amma ban ga takardar ba tun ranar, kuma ba ta cikin kwandon shara, na duba.

Yanzu ga babbar magana. Za a yi walimar cika shekara ɗari ranar 23 ga Maris a zauren kulob. An janye dokar, babu mai hana ka shiga. Na sa sunanka a jerin baƙi. Baffa, likita ya ja ni gefe ya ce kada mu yi dogon lissafi da huhun Baba. Ka zo.

'Yarka,
Nerys

Calderby
8 ga Janairu, 1996

Nerys,

Barka da sabuwar shekara, da fatan kun ga Kirsimeti lafiya. Mu ma lafiya, jikoki sun cika gida sun watse.

Maganar talabijin gaskiya ce. An yi zanga-zanga a nan, har Doreen ta ɗaga kwali. Shekara ɗari muna alfahari mu ne masu biyan talaka haƙƙin guminsa, yau ga mai kuɗi ya zo zai gaya mana watan da za mu yi wasa. Ku kun koma mu, mu kuma ban san abin da muka koma ba.

Walima kuwa ba zan zo ba. Tunda kina son labari, bari in ba ki wanda ba zai shiga littafinki ba.

Da Kakarki ta rasu a Fabrairun 1974, na taho da jirgin ƙasa. Ni da Emrys muka ɗauki gaban akwatin, kafaɗa da kafaɗa. Bayan an rufe ta, aka ce shayin makoki a zauren kulob za a sha, don gidan ba zai ɗauki jama'a ba. Na bi mutane ban kawo komai a raina ba. Ina isa ƙofa na tarar da yayana tsaye a bakinta. A lokacin shi ne sakatare.

Ya ce, "Idwal, ka san doka."

Na ce, "Yaya, uwarmu muka binne yanzu."

Ya ce, "Akwai mutumin hukumar wasa a ciki. Idan ya gan ka, za a dakatar da kulob, yara arba'in su rasa wasa. Ka yi mini rai."

Na juya na zauna a kan guntuwar katangar nan da ke fuskantar fili, ana yayyafi. Mamanki ce ta fito mini da shayi a kofi da yankan burodin zabibi, ke kina riƙe da gefen rigarta. Ina jin su ta taga suna rera waƙar da Kakarki ta fi so. Na shanye, na ajiye kofin a kan katangar, na kama hanyar tasha. Emrys bai leƙo ba.

Na san bai yi ƙarya ba game da yaran. Shekara ashirin da biyu ina gaya wa kaina haka, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ba hukuma ce ta tsaya a ƙofar nan ba, saboda haka ba takardar hukuma ce za ta shigar da ni ba. Ki cire sunana, kada a yi asarar kujera.

Baffanki,
Idwal

Calderby
19 ga Fabrairu, 1996

'Yata Nerys,

Ina fatan kuna lafiya. Mako shida ke nan ban ji daga gare ki ba. Kullum ina tsaye a taga lokacin mai kawo wasiƙu, har Doreen ta ce in nemi aiki a gidan waya.

Idan maganata ce ta yi kaushi, ki yi haƙuri. Bai kamata in ɗora miki kayan da ba ke kika ɗaure ba, mahaifinki ne. Idan kuma wani abu ne ya sami Emrys, kada ki ɓoye mini don na ce ba zan zo ba. Walima na ce. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Idwal

Blaenderi
24 ga Fabrairu, 1996

Baffa,

Baba yana da rai, wannan na fara faɗa. Sanyi ya kama masa huhu, mun yi kwana ashirin da uku a asibiti, yanzu yana gida da tukunyar iskar shaƙa a gefen gado. Ni ce da laifi da ban rubuto ba. Ba fushi na yi ba, rasa abin faɗa na yi.

Ka tuna na ce maka yana fita da shayinsa waje? Ban gaya maka inda yake zama ba, don ban san yana da muhimmanci ba. A kan katangar nan ne. Tun ina ƙarama haka na san shi. An tashi wasa, kowa ya shiga zaure ana ci ana sha, shi sai ya karɓi kofinsa ya fita ya zauna shi kaɗai, ko ruwa ake yi ko ƙanƙara. Yakan shiga taron kwamiti, yakan shiga ya gyara kujeru, amma ban taɓa ganin ya kai wani abu bakinsa a cikin ginin nan ba. Ko ranar bikina a waje ya ci nasa. Mutane har suna suka sa masa, Emrys Katanga. Kowa ya ɗauka hayaƙin taba yake gudu saboda ƙirjinsa, ni ma haka na ɗauka.

Da na karanta takardarka sai na je wurin Selwyn na tambaye shi yaushe Baba ya fara. Ya yi lissafi da yatsu, sannan ya ce, "Shekarar da tsohuwarsu ta rasu." Ya cire tabarau yana gogewa, ya kasa kallona.

Sanyin da ya kwantar da shi ma a can ya ɗauko shi, ranar wasan farko na Janairu.

A asibiti na karanta masa takardarka, don mun baro tabaransa a gida. Na yi niyyar tsallake wasu wurare, ya ce in karanta duka. Da na kai inda ka ce bai leƙo ba, ya ce, "Na leƙo. Kofin na tarar." Na ce, "Baba, me ya hana ka rubuta masa duk shekarun nan?" Ya ce, "In ce masa me? Ni na tsaya a ƙofar."

Na yi kuka, Baffa, kuma na ji haushinku ku biyun. Ban cire sunanka ba. Ga wata 'yar takarda ya ce in saka a ciki, da hannunsa ya rubuta, ya hana ni gani.

'Yarka,
Nerys

Idwal,

Ina gaishe ka da Doreen. Jiki da sauƙi.

Ban yi daidai ba ranar da muka binne Inna. Da na san ba zan iya shigar da kai ba, da sai in fito. Ban yi tunanin haka ba sai da ka tafi.

Ranar 23 ana buɗe ƙofa ƙarfe biyu. Ni zan riƙe ta.

Wasanku har yanzu ba wasa ba ne.

Yayanka,
Emrys

Calderby
30 ga Maris, 1996

'Yata Nerys,

Mun iso gida lafiya, sai dai jirgin ya yi latti, gwiwa kuma ta rama abin da na yi mata. Doreen ta gode da burodin zabibi. Yaya jikin Emrys? Ki tabbata yana shan maganin nan, kada ki yarda da "na sha" ɗinsa.

A tasha kin tsare ni da tambaya, me muka tattauna ni da shi kusan awa guda a waje, kina leƙenmu ta tagar kicin abinci yana hucewa. Na ce zan rubuto, don na san idan ban faɗa ba za ki kara ni a tururin buta.

Da na shawo kwanar coci na hango shi tsaye a ƙofa, ya tokare ta da kafaɗa, robar iska a hanci. Ban san ya tsufa haka ba, a raina har yanzu mai baƙin gashi ne. Na zo daf da shi, ƙafata ta ƙi gaba. Duk jawabin da na shirya a jirgi ya gudu.

Ya ce, "Ka yi ƙiba."

Na ce, "Mu ana biyanmu, muna cin abinci."

Ya ce, "To shigo mana, kafaɗata ta gaji."

Na ce masa ba yanzu ba, akwai inda nake so in fara zama. Muka lallaba zuwa katangar, ina ɗauke da tukunyar iskarsa. Nerys, dutsen wurin har ya yi santsi. Na sa hannu na shafa.

Sauran kuwa gardama ce. Ya ce nan da shekara goma naku zai haɗiye namu, tunda kuɗi ya shigo. Na ce yaranku za su zo koyon kayar da mutum a wurinmu. Ya ce ƙananan kulob irin Blaenderi da Calderby ne za su sha wuya ko wane ne ya ci, na ce wannan kam gaskiya ne. Ina jin shi ne karo na farko da muka yarda da abu ɗaya tun 1962. Maganar Inna ba mu yi ta ba. Ya dai dafa gwiwata, mai ciwon ma, na bar shi.

Da Selwyn ya aiko da shayi, Emrys ya kai kofin baki, sai na riƙe hannunsa. Na ce, "Yaya, sanyi ake yi. Mu shiga da shi ciki."

Sauran kin gani da idonki, har da yadda zauren ya yi tsit. Abin da ba ki ji ba shi ne abin da ya raɗa mini bayan ya kurɓa. Ya ce ashe shayin kulob ɗin nan da zafi ake ba da shi.

Na ga hoton a shafi na tara, kin kyauta. Akwai ɗan tabon gam a goshina, kada ki sa a gyara. Mun yi da Emrys zai zo ya ga wasanmu na farko a watan Mayu, tunda yanzu lokacin zafi muke yi, likita ba zai hana ba. Na san abin da likitan ya gaya miki. Duk da haka na sayi tikiti uku.

Baffanki,
Idwal